Inji a Rataye

Litinin 3 ga Maris, da hantsi

Glenys ce ta kawo littafin nan. 'Yata. Wai likita ya ce idan raina ya ɓaci in rubuta maimakon in fasa abu. Na ce likitan ya zo ya faɗa min da bakinsa. Ta ajiye a kan tebur ta fita, ko shayin da na haɗa mata ba ta taɓa ba.

To ga shi ina rubutawa. Ni ne Horace Tromans na Cradley Heath, shekara saba'in da biyar, maƙerin sarƙa kafin su rufe maƙerar. Ban daɗe a makaranta ba. Wanda rubutuna bai yi masa ba ya rufe.

Ƙanena Vernon yana asibiti. Hannun hagu. An ce yatsu biyu sun tafi, na ukun ana dubawa. Ɗansa Darryl ya je wurin 'yan sanda ya ce da gangan ne. Jiya wata saja ta zo, Bhamra sunanta, ta tsaya a ƙofar garejina tana kallon inji a rataye. Ta ce magana tana bakin Vernon. Idan ya warware za ta ɗauki bayaninsa. In ya ce tsautsayi ne, shi ke nan. In ya ce ba tsautsayi ba ne, sai kotu, kuma da irin tarihina ba za ta yi min alkawarin in kwana gida ba. Kafin nan kada in je kusa da shi, kada in buga masa waya.

Tarihina. Abin shekarar saba'in da bakwai take nufi, da na gyara wa wani shugaban aiki haƙora, gwamnati ta ba ni masauki na wasu watanni. Ba a haife ta ba ma a lokacin.

Igiya ce ta zame. Na faɗa mata. Ta rubuta ba tare da ta kalle ni ba.

Talata 4 ga Maris, da rana

Bari in rubuta maganar motar tunda ba mai tambayata.

Tawa ce. Koriya, mai kujera biyu, buɗaɗɗen sama, ƙirar sittin da shida. Da gumin maƙera na saye ta, Vernon ko taya ɗaya bai saya ba. Abin da ya sani shi ne walda da kwance inji, don shi aka bari ya yi makarantar koyon sana'a, ni aka tura maƙera don a samu abin sa masa a baki. Tun da can shi ke taɓa mata ciki, ni jikinta nake kula da shi. Ta daɗe a rufe tun ciwon Doreen matata. Da na binne Doreen na ce sai motar nan ta sake hawa titi kafin a binne ni.

Komai ya kammala. Fenti, kujeru, birki, inji an sake masa ciki. Saura ya zauna. Inji kuwa ba ya zama a kan shasi, wato ƙashin motar, ƙarfe da ƙarfe, sai a kan kujerunsa, roba mai kauri a manne tsakanin faranti biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Na motar sittin da shida masu kusurwa huɗu ne, kowace da ƙusa huɗu. Haka hoton littafin gyaran motar ya nuna, haka lambar da ke jikin motar ta ce. Vernon kuwa ya zo ranar Asabar da wasu zagayayyu a aljihu, kamar kwanon abincin kare, irin na motocin baya-bayan nan. Wai su za a sa. Na ce me ya sa? Ya ce kawai. Na ce ina tsofaffin da ka cire? Ya ce sun ruɓe, ya zubar tun bara.

Ya zubar. Kayan motata, ba tare da na gani ba.

Suna nan ƙarƙashin teburin aiki inda suka gangara, zagayayyun nasa. Ban taɓa su ba.

Laraba 5 ga Maris, da safe

Na zuba garin katako a wurin jinin. Ya shanye, amma siminti ya riƙe launi. Na ɗora kwali.

Alhamis 6 ga Maris, da yamma

Sauke inji aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana riƙe da igiya yana saki kaɗan-kaɗan, ɗaya yana durƙushe da hannu a ƙasa yana daidaita ramukan. Igiyar ta babanmu ce, da wilin ƙarfenta biyu, a rataye jikin ƙarfen rufi. Ta ɗaga abin da ya ninka wannan inji. Ni kaɗai yanzu, sai dai in kwance kujerun nawa masu kusurwa huɗu daga jikin inji in gwada su a jikin shasi da hannu.

Ramuka biyu sun hau, biyu sun kauce da kusan faɗin babban yatsa. Na juya. Na sauya ta dama da ta hagu. Na kifa. Na jefa ɗaya ta daki ƙofa ta dawo ta same ni a ƙwauri.

Ni na ɗaga injin daga kansa. A rubuta wannan. Ni kaɗai na ja igiyar na ɗaure, ni na naɗe hannun da rigata, ni na kira motar asibiti. Wannan ba mai faɗa.

Asabar 8 ga Maris, da rana

Darryl ya zo kwashe kayan ubansa. Yaron da na koya wa hawan keke. Da can Baffa yake ce min, yau ya shigo ba sallama ya ce, "Horace, ina akwatin sifanun babana?"

Na ce, "Horace sa'an ubanka ne? Kai, ko ubanka ba sa'ana ba ne."

Ya ce, "Na ga hannun, tsoho. Kai ka gani? Ka je ka ga abin da ya rage?"

"An hana ni zuwa. Kai ka sa aka hana ni."

"Ka gode wa Allah da aka hana ka. Mama ta ce in ka tako ƙofar ɗakin, da tafasasshen ruwa za ta tarye ka."

Na ce uwar tasa Marjorie ko ruwan shayi ba ta iya tafasawa ba. Ya ɗauki akwatin, ya ɗauki hular Vernon daga jikin ƙusa, sai ya tsaya ya sa ƙafa ya ture kwalin. Ya kalli ƙasa. Ya kalle ni. Ya ce, "Kullum yana cewa Yaya ba mugu ba ne, zuciya ce. Shekara nawa yana kare ka. Zan zauna a bakin gadonsa har sai ya faɗi gaskiya, in ga ka mutu a can ciki."

Gwangwanin man giris ne a hannuna. Ya wuce ta gefen kunnensa ya fasa gilashin taga. Ya ajiye akwatin, ya shaƙo kwalar rigata ya haɗa bayana da bango har ƙafafuna suka bar ƙasa. Na ji warin sigarinsa. Na ce, "Buga mana, ɗan banza. Buga." Bai buga ba. Ya sake ni na zube kan tayoyi.

Da shekara goma baya ne da an kwashe shi a baro.

Na toshe tagar da katako. Ban gaya wa Glenys ba.

Lahadi 9 ga Maris

Bayana. Ban tashi ba.

Talata 11 ga Maris, da yamma

Na hau bas zuwa Stourbridge wurin Lionel mai sayar da kayan tsofaffin motoci. Shi ya sayar min da kujerun. Na zube masa su a kanta na ce ya ba ni na gaske, ba wannan shirmen da ake bugawa a ƙasashen waje ba.

Ya ce, "Mista Tromans, waɗannan su ne na lambar da ka ba ni. Na sayar da ɗaruruwa, ba wanda ya dawo."

"To ni na dawo."

Ya ce in kwatanta masa wurin zamansu a jikin shasi. Na zana masa a bayan ambulan. Ya juya takardar, ya cire tabarau, ya ce, "Akwai dogon rami a tsakiya, kamar an tsaga?" Na ce akwai, aikin Vernon ne, ya taɓa yi mata wani gyaran hauka. Ya ce, "Wannan ba gyara ba ne. Haka kamfani ya riƙa yi daga saba'in da huɗu zuwa sama. Na zagayayyu ne. Ka tabbata motarka ta sittin da shida ce?"

Na tabbata? Ni? Motar da na ɗauko Doreen a ciki daga gidan ubanta a saba'in da ɗaya? Na ce ta yaya motar da nake tuƙawa a saba'in da ɗaya za ta zama ta saba'in da huɗu, ko kai ma makarantar ba ta yi maka amfani ba? Akwai wasu samari biyu a shagon, ɗaya ya yi dariya. Lionel ya ce, "Ni dai abin da ka zana nake faɗa maka, baba."

Na buga kujerar a kan kantar. Gilashi ne ashe a saman. Ya ce in fita kada in sake dawowa. Na ce ko da kuɗi ba zan dawo ba.

Duk bakinsu ɗaya da Vernon.

Alhamis 13 ga Maris, da safe

Glenys ta ce yatsa na ukun ma an cire rabi. Ciwo ya shiga. Ta faɗa tana wanke kofunana, bayanta gare ni. Na ce ai likitocin yanzu yanka kawai suka sani. Ta rufe famfo ta ce, "Baba, me Baffa ya ce maka kafin abin ya faru?"

Na ce ba abin da ya ce.

Littafin motar ne Vernon ya ce in miƙo masa. Ya ce, kawo nan Yaya, kai ai hotuna kawai kake kallo. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Wannan ba komai ba ne. Tun muna yara yake yin ta.

Igiya ce ta zame.

Lahadi 16 ga Maris, da yamma

Kasuwar tsofaffin kayan mota a filin Malvern. Taɓo har idon sawu, kowa da tarkacensa a shimfiɗe kan tamfol. Na zaga har ƙafata ta kumbura. Can ƙarshen layi na samu wani dattijo daga Wales da kujeru biyu masu kusurwa huɗu, na asali, a cikin kwalinsu na kamfani, ba a taɓa ɗaura su ba tun da aka yi su. Takardar mai ma tana naɗe da su. Na shinshina. Warin maƙera, warin zamanin da ake yin abu don ya daɗe. Ya faɗi kuɗi ban taya ba. Na ci burodi da soyayyen nama a tsaye, na dawo da su a cikin rigata kamar jarirai.

Gobe za su gani. Lionel, Vernon, duk.

Litinin 17 ga Maris, da safe

Ba su shiga ba.

Litinin, da rana

Ba su shiga ba. Wuri ɗaya suka kauce, daidai inda na Lionel suka kauce. Na matsa ɗaya da ƙarfi, robar ta rabu da farantin kamar busasshen burodi.

Talata 18 ga Maris, da yamma

An sallami Vernon, yana gida. Glenys ta faɗa.

Zan rubuta abin yau a hankali.

Na ɗauki guduma na shiga ƙarƙashinta. Niyyata in daki wurin zaman kujerar ya matso inda ya kamata. Na daka. Na daka. Na kuskure, gudumar ta sauka can baya, kusa da inda ƙafar direba take. Kwaltar da aka shafe ƙasan motar da ita ta ɓantare, ɓawo guda kamar tafin hannu. A ƙarƙashi akwai layin walda.

Na kawo kurfi na bi shi. Ya tashi daga wannan gefe, ya haye, ya sauka ɗaya gefen. Ya zagaye ta kaf, kamar ɗinkin da ake yi wa mutum bayan an buɗe shi. Na kankare ta bayan layin: kore a ƙarƙashin kore, har ƙarfe. Na kankare ta gaban layin: kore, sannan ja.

Ja. Motata ba ta taɓa zama ja ba.

Na san waldar nan. Ƙanana-ƙanana a jere, kowace ta hau kan 'yar uwarta kamar ɓawon kifi. Na gan ta a ƙofar gidan mamarmu, na gan ta a keken Glenys. Mutum ɗaya ke yin ta a duk Cradley Heath.

Watannin da na yi a kurkuku, a wurin Vernon na bar makullin motar. Da na fito ya kawo min ita bakin ƙofa tana sheƙi, ya ce ya sake mata fenti don murnar fitowata. Na rungume shi. Na saya masa giya a mashaya, na tashi tsaye na gaya wa kowa cewa ba wanda yake da ƙane irin nawa. Ashe ya ragargaza ta, ya yanke gabanta ya zubar, ya samo gaban wata jar mota a bola ya liƙa, ya cire lambata ya manna a kai. Kusan shekara arba'in ina goge hancin motar wani.

Fitilar dama na fara fasawa da gudumar. Sannan ta hagu. Sannan ƙarfen gaba da na kwana uku ina gogewa. Ba nawa ba ne, me zai dame ni. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga, na ce ta koma ciki kafin in zo kanta.

Laraba 19 ga Maris, da rana

Na je har kwanar layin su Vernon. Gudumar tana aljihun kwat, ban san lokacin da na sa ta ba. Na ga tagar ɗakinsu, na ga bayan kujerarsa da farin abu a ɗore kan matashi. Marjorie ta fito zubar da shara ta gan ni. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya riƙe da murfin bola, ni ma na tsaya. Sai bas ta zo na hau, ban ma duba inda za ta ba. Na tsinci kaina a Dudley.

In ta gaya wa saja, ta gaya.

Juma'a 21 ga Maris, da safe

Na sa sanda na jawo zagayayyun nan daga ƙarƙashin tebur. Don in gani kawai. Na kai ɗaya wurin, ƙusarta ta faɗa cikin dogon ramin ta zauna, ko motsi.

Ya sani. Ranar Asabar ɗin nan ya sani sarai, ya bar ni ina ta haƙilo da littafi a hannu, ya gwammace ya ce ban iya karatu ba da ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi. Da ya faɗa, da hannunsa bai shiga wurin ba ma. Wa ya jawo? A tambaye shi wannan. Saja ta tambaye shi wannan.

Lahadi 23 ga Maris, da yamma

Glenys ta kawo abinci, ta ga fitilun. Ta ajiye kwanon a kan tebur. Na nuna mata jan fentin, na ce kin ga abin da baffanki ya yi min? Ta ce, "Baba, mota ce. Shi hannu ne."

Na ce ta taimake ni in sauke injin in huta da ganinsa a sama. Ta gwada igiyar, ta ce ba za ta iya riƙe wannan nauyi ba. Na ce to ni in riƙe, ke ki daidaita, abu ne mai sauƙi, ƙusa ce kawai za ki saita da rami.

Ta kalli igiyar, ta kalli kwalin da ke ƙasa. Ta sa hannayenta biyu a aljihu.

"A'a, Baba."

'Yar da na haifa. Na ce ta kwashe abincinta. Ta bar shi, na zuba wa bola, daga baya na ji yunwa.

Talata 25 ga Maris, da rana

Saja ta bugo. Juma'a za ta je wurin Vernon. Ta ce in kasance a gida ranar, kuma in nemi lauya ba laifi ba ne. Marjorie ba ta faɗa mata ba ke nan, ko ta faɗa ana ajiye min.

Na fito da tsohuwar jakata daga saman kabad. Na mayar. Na sake fito da ita.

Laraba 26 ga Maris

In aka ɗaure ni, wa zai riƙa buɗe garejin ya sha iska? Danshi zai cinye kujerun fata.

Alhamis 27 ga Maris, da yamma

Da hannun dama nake rubutu, saboda haka ba matsala.

Da safe ina zaune kan taya ina shan shayi ƙofa ta buɗe. Vernon. Shi kaɗai, a bas ya zo, ya ce wa Marjorie zai je sayen jarida. Ya rame. Hannun yana rataye a wuya, an naɗe shi ya yi kamar kan kabeji. Na ce an hana ni zuwa kusa da kai. Ya ce, "Ni ba a hana ni ba."

Ya zaga gaban motar, ya taka gilashin fitila. Ya durƙusa da ƙyar ya ga inda na kankare. Ya daɗe a wurin.

Na ce, "Ja."

Ya ce, "Ja. Ta wani likitan haƙori ce, tirela ta hau bayanta. Gaban lafiya lau."

"Ɓarawo. Maƙaryaci. Na saya maka giya."

"Ka saya. Na sha kuma."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ka fito daga kurkuku saboda ka zubar wa mutum haƙora a kan ya taɓa kwanon abincinka. In ce maka na nannaɗe motarka a jikin bishiya? Da ka kashe ni, Yaya."

"Da na kashe ka."

"To ka gani."

Na tashi. Gudumar tana kan tebur tsakanina da shi, mu biyu duk mun gan ta. Bai matsa ba. Ya ce, "Gobe matar nan za ta zo. Darryl ya rubuta min abin da zan ce, har ya sa na haddace. Ni ban yanke ba tukuna." Ya nuna injin da haɓa. "Ɗaura zagayayyun. Mu sauke shi."

Na ce da wane hannun za ka daidaita?

Ya ce, "Ni igiya zan riƙe. Kai za ka sa hannu."

Na kalle shi. Fuskar babanmu ce sak, ranar da ya kama mu da sigari. Na ce hannu ɗaya ba ya riƙe wannan inji. Ya ce in naɗa masa igiyar sau biyu a jikin ginshiƙin ƙarfe, sauran ya san yadda zai yi. Na ce in ban yarda ba fa? Ya ce, "Sai in hau bas in koma in yi bitar karatun Darryl."

Ba tsoron kotu ba ne. A rubuta wannan ma. Ba zan bari ƙanena ya ce na ji tsoron sa hannu inda ya sa nasa ba.

Na ɗaura kujerun a jikin inji. Na naɗa igiyar, na kwance ƙullin, na ba shi. Ya naɗe ta a damtsensa na dama, ya kafa ƙafa. Na durƙusa. Na sa hannun hagu a ƙarƙashi, yatsuna a kan shasi, daidai wurin.

"Sauke," na ce.

Ya iya, shegen. Yana saki kamar mai zuba shayi. Inji ya taho yana juyi kaɗan, na tare shi da kafaɗa, na saita ta dama ta shiga. Ta hagu saura kaɗan. Na ce tsaya in gyara. Ya tsaya. Na tura yatsu na jawo ƙusar kan ramin. Sai na ji sanyin ƙarfe ya sauko ya kwanta a bayan yatsuna. Ban ce ya sauke ba. Na ja, hannu ya ƙi fitowa.

"Vernon."

"Ina jin ka."

"Ɗaga."

"Hannuna ɗaya ne, Yaya, kuma ya fara gajiya. Tambaya ɗaya zan yi. Ba saja a nan, ba Darryl, ba Glenys. Zamewa ta yi, ko saki ka yi?"

Ina jin igiyar tana ƙara a jikin ginshiƙi. Ina jin numfashinsa. Na zage shi, na zagi makarantar da aka kai shi, na zagi jar motar da likitan haƙorin. Ya bari na gama. Ya sake tambaya, da murya ƙasa-ƙasa.

Na ba shi amsa. Abin da na ce tsakanina da shi ne, ba na littafin likita ba.

Ya ce, "To." Sannan ya saki kaɗan.

Ƙarar na fara ji kafin zafin, kamar an taka busasshen reshe. Na tsakiya ne. Ban yi ihu ba, ko me maƙwabciya za ta ce. Ya rataya duk nauyin jikinsa a igiyar, inji ya ɗaga, na zare hannu. Ya ce, "Saita ta da na dama, kada mu yi aikin banza." Na saita. Ya sauke. Inji ya zauna a kan kujerunsa biyu, igiya ta yi laushi.

Na ɗaure notin da hannu ɗaya, shi yana riƙe min fitila. Ya ce na dama bai ɗauru ba. Na ce ya rufe min baki. Ya cire gyalensa ya naɗe min yatsan, da haƙori ya ja ƙullin. Muka hau bas ɗaya zuwa asibiti, ya ce in biya masa kuɗin mota don ba ya iya kai hannu aljihun hagu.

Ya karye wuri biyu. Sun ce zai haɗu amma ba zai miƙe ba. Ma'aikaciyar ta duba sunana ta ce, "Wani Tromans ɗin kuma? Me kuke yi ne a garejin nan?" Vernon ya ce, "Gyaran mota, 'yata."

Juma'a 28 ga Maris, da safe

Na yi aski. Na sa rigar kirki. Jaka tana bakin ƙofa. Bai ce min abin da zai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Juma'a, da yamma

Waya ta yi ƙara na bar ta ta yi ta yi kafin in ɗauka. Saja Bhamra. Ta ce Mista Vernon Tromans ya ba da bayani, ya ce tsautsayi ne, ya sa hannu a takarda, Darryl ya fita ya buga ƙofa har hoto ya faɗo daga bango. Magana ta mutu. Sai ta ce, "Na ji kai ma ka je asibiti jiya. Akwai abin da kake so ka shaida min?"

Na ce aikin gareji ne, hannu ba ya rabuwa da ciwo.

Ta ce, "Ku biyun nan, ku sayi abin ɗaga inji irin na zamani." Na ce na gode da shawara, ta kula da ɓarayi.

Na mayar da jakar saman kabad da hannu ɗaya, ta faɗo min a ka. Na leƙa gareji. Inji yana zaune daram, bai karkata ko'ina ba. Munana ne dai, zagayayyun nan, kuma ba zan fasa faɗa ba. Fitilu biyu da ƙarfen gaba Vernon ne zai saya, tunda gabansa ne.

Marjorie ta aiko Glenys da saƙo. Wai in zo cin abincin Lahadi, tunda mijinta ya nace, amma ba don ta so ba. Ta ce ita za ta yanka naman a kicin ta kawo a yanke, kada ta ga wuƙa a hannun kowa.